Wanda ya taɓa cin tako da burito a inda ake yinsu na gaskiya ya zo ya ba ni shawara

Abba_Barnawa:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah shawara nake nema daga wanda ya sani, ba wanda ya ji an ce ba. Ina da ɗan wurin shawarma a Barnawa, bayan la'asar nake kunna wuta sai wajen sha ɗayan dare in tashi, alhamdulillah ana samun na cefane amma kun san yadda harkar ta koma a Kaduna, yanzu kowane layi ka shiga akwai mai shawarma, wani ma a ƙofar gidansu ya kafa injin, ga nama ya yi tsada ga gas ya yi tsada, kwastoman kuma su ne dai ake ta rabawa. To kwanan nan 'yan makaranta, yawanci 'yan matan jami'ar KASU da na Poli, sai su zo su ce Abba kana yin tako? kana yin burito? a TikTok suke gani. Na zauna na kalli bidiyo har datata ta ƙare amma ƙara rikicewa na yi, wani nasa mai tauri ne a lanƙwashe yana ƙaras-ƙaras an cika shi da cuku da latas, wani kuma nasa 'yan ƙanana ne masu laushi ba komai a kai sai nama da albasa, shi kuma buriton ni dai a idona shawarma ce aka ɗura wa shinkafa da wake.

To wanda ya taɓa zama a ƙasar da ake cin abin nan, wanne ne na ainihi? A can abincin manya ne ko na kowa da kowa? Sannan kuna ganin zai karɓu a garin nan ko in rufa wa kaina asiri in tsaya a shawarmata. Jarin ba yawa gare shi ba, bana son in yi wasa da shi.

Injiniya_Malali:

Wa alaikumus salam Abba, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ni a Houston ta jihar Teksas na yi karatun digiri na biyu kafin in dawo gida, kuma abincin nan na 'yan Meksiko shi ya riƙe mu duk lokacin da wata ya yi nisa, don haka bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Da farko ka cire wa ranka cewa abincin manya ne. Wurin da ake sayar da shi takeriya suke ce masa, kuma masu daɗin ba a tsakiyar gari suke ba inda 'yan gayu ke zuwa, a unguwannin 'yan Meksiko suke, ɗan shago ne tsakanin mai wanki da mai facin taya, wani ma mota ce kawai aka faka a gefen gidan mai aka buɗe taga. Kujerun roba, tebur da leda a kai, talabijin a maƙale a sama ana ƙwallo mai sharhi na ta ihu da Sifaniyanci, farashi a rubuce a allo ko a jikin bango. Yawanci ba mai zuwa ya tsaya a kanka yana tambayar me za ka ci, kai za ka je kanta ka faɗa ka biya, kafin ka gama gyara zama an kira ka. Masu cika wurin magina ne da masu fenti da masu yankan ciyawa da kayan aikinsu a jiki, da daddare waɗanda suka taso daga aikin otal, ranar Lahadi kuma iyalai da yara ana ta hayaniya. Lokacin da nake can dala biyu zuwa uku ne guda ɗaya, ka ci uku ko huɗu ka tashi, a garin da in ka shiga gidan abinci na zama sai aljihunka ya gaya maka, ga kuɗin ma'aikaci da ake ɗorawa a kai.

Takon nasu kuwa, wancan ƙaramin mai laushi da ka gani shi ne. Tortiya ta masara, wato 'yar siririyar gurasar da ake ɗora naman a kai, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, sukan haɗa biyu don kar romo ya huda ta, a ɗumama ta a kan faffaɗan ƙarfen da ake soya naman, a zuba nama an daddatsa shi ƙanana, ɗanyar albasa, ganyen koriyanda, a ajiye maka yankan lemun tsami a gefe. Shi ke nan fa. Ba mayonis ba kabeji ba sosej. Jajjagen da suke ce wa salsa yana kan tebur, ja da kore, kai za ka zuba daidai ƙarfinka, kuma kar launi ya ruɗe ka don wani koren ya fi jan zafi nesa ba kusa ba. Mai taurin nan da cuku da latas Amurkawa ne suka yayata shi, musamman gidan abincin Taco Bell da Glen Bell ya buɗe a Kalifoniya a 1962, abokaina 'yan Meksiko in ka ambaci sunan wurin dariya kawai suke yi su girgiza kai.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne irin naman da suke ji da shi. Akwai asada, gasasshen naman sa, wannan kowa na ci. Amma waɗanda suka san kan abin harshe suke nema, da naman kai musamman kumatu, da hanji da ake soyawa har ya yi ƙaras. Harshen nan a dafa shi ya yi luguf a ɓare fatar a yayyanka a ɗan soya, a matsa lemun tsami, wlh har yanzu in na tuna sai yawuna ya tsinke. Akwai kuma biriya ta jihar Jalisko da ke Meksiko, asalinta naman akuya ne da ake dafawa a hankali cikin busasshen barkono a ba ka da romonsa, ita ce 'yan TikTok ɗin naku ke tsomawa a jan romo suna lumshe ido. In ka lura duk sassan da mai kuɗi bai cika waiwaya ba ne, da su aka gina sana'ar, shi ya sa leburan ke iya ci kullum.

Burito daban ne. Da tortiyar fulawa ake yinsa, ta arewacin Meksiko inda ake noman alkama, wajen Sonora da Chihuahua. Na can siriri ne, abu ɗaya ko biyu a ciki, wake da nama misali. Ƙaton nan da ake cusa wa shinkafa da wake da nama da fiya a naɗe da takardar foyil daga unguwar Mishan ta San Francisco ya fito wajen shekarun 1960, sai gidan abincin Chipotle da aka fara a Denver a 1993 ya kai shi ko'ina a Amurka. Ni in yunwa ta ci ni sosai shi nake saya in raba biyu, rabi rana rabi dare.

Dan_Rigasa:

Hhhh Injiniya duk wannan dogon bayanin, wato dai gurasa da tsire ce ta samu biza. Abba ka je Tudun Wada ka sari gurasa ka zuba mata balangu da albasa ka lanƙwashe ka ce tako ne, wallahi 'yan matan nan saye za su yi har da ɗaukar hoto. Ni dai ran da za a fara a kira ni ɗanɗano, kyauta zan yi aikin ba sai an biya ni ba.

Maman_Husna:

Kai Ɗan Rigasa Allah ya shirye ka. Abba ƙanena, ni girkin biki da suna nake yi a nan Unguwan Dosa, akwai wata Hajiya da 'ya'yanta suka taso a waje takan ba ni odar irin abincin nan in sun zo hutu, to ta nan na shiga harkar. Nama ba shi ne matsalarka ba, kai da kullum kana gaban wuta. Tortiyar ce matsalar.

Ta fulawa ba wuya. Fulawa, gishiri, mai, ruwan ɗumi, ka kwaɓa ya yi laushi ka rufe ya huta kamar rabin awa, ka gutsuttsura ka murza da faɗi ta yi fele-fele, ka gasa a busasshen kasko ba mai, kowane gefe bai kai minti ɗaya ba, da ta ɗan kumbura ta yi ɗigo-ɗigon ja ka cire ka sa a tsumma mai tsabta ka rufe, tururin nan shi ke sa ta naɗu ba ta karye ba. Burodin shawarmar da kake saye kar ka ce za ka yi burito da shi, da ka cika shi da shinkafa zai yage ya kunyata ka a gaban kwastoma.

Ta masara kuwa nan ake yinta. Garin tuwon masara ba zai taɓa yi ba ko da me ka kwaɓa shi, kana dannawa yana farfashewa. Su ba haka suke sarrafa masarar ba. Tsabarta suke dafawa a ruwa da wani farin gari da suke ce wa kal, wasu yankunan da toka suke yi tun da can, ta ɗan tafasa a sauke a bar ta ta kwana a ruwan, da safe a murje a wanke sosai bawon ya fita, sannan a niƙa ta da danshinta ba a shanya ba. Kwaɓin da zai fito yana haɗe jikinsa, ka mulmula ka danne tsakanin leda biyu ya fito zagaye bai tsage ba, ga wani ƙamshi da ba ka ji a garin tuwonmu. Sun daɗe a kan abin fa, don ita masarar ma a kudancin Meksiko aka fara nomanta kusan shekara 9,000 da suka wuce, tumatir da barkono duk daga wancan ɓangaren duniya suka zo mana, mu da muke ganin attaruhu namu ne na gado. Kuma dahuwar nan ba don daɗi kaɗai ba ce, tana kwance sinadarin niyasin da ke ƙulle a cikin masara jiki ya iya amfana da shi, ƙasashen da suka karɓi masara suka mai da ita abincin kullum ba tare da wannan dabarar ba talakawansu sun sha fama da ciwon pelagra, mai lalata fata da sa gudawa.

Ni da ruwan toka nake yi, irin wanda iyayenmu ke tacewa don miya amma ya ɗan fi shi ƙarfi, kuma tokar itace mai tsabta ba wadda aka ƙona leda da shara a ciki ba. Don girman Allah kar ka je wajen masu kayan gini ka sayi farin garin da ake shafa wa bango ka ce shi ne kal, nasu na abinci ne an tace shi, wannan kuma ba ka san me ke ciki ba. Masara kam Allah ya hore mana, jiharmu na sahun gaba wajen nomanta a ƙasar nan, farar nan ta Saminaka ta isa. Wahalar duk ta mai niƙa ce, sai ka tsaya a kansa ya wanke inji kuma kar ya cika ruwa, in ka juya baya ƙullun koko zai miƙo maka. Akwai garin da aka riga aka sarrafa, Maseca, ruwa kawai ake zuba masa a kwaɓa, amma daga waje ake shigo da shi, in ka lissafa kuɗinsa ribar ta tafi tun kafin ka kunna wuta.

Salsa kuma tumatir, attaruhu, albasa, tafarnuwa, ka gasa su a kan wuta har bayansu ya ɗan ƙone sai ka jajjaga da gishiri da lemun tsami, ni bana soyawa bana sa magi. Wakenmu ya yi ba sai ka nemi baƙin nasu ba, ka dafa ya yi luguf ka dame shi a mai da albasa. Fiya tana da lokacinta kuma da an yanka take fara baƙi, sai ka matsa mata lemun tsami kuma kar ka yanka da yawa. Koriyanda ce dai ke wahalar da ni, ba kullum nake samu a Bakin Dogo ba, ƙarshe shukawa na yi a tsohon bokiti a bayan kicin.

Malam_Kawo:

Salamu alaikum. Ni ba ruwana da girki amma akwai inda ba a taɓo ba. Shi Abba a nan zai yi da naman da Musulmi ya yanka, wannan ba magana. Sai dai akwai yaranmu da ke karanta wannan hirar suna shirin tafiya karatu, kada su ji Injiniya ya yabi wurin su je su zauna su ci duk abin da aka miƙo musu. Na ji ana cewa mutanen nan suna amfani da alade sosai a girkinsu. Injiniya ka fayyace mana yadda kuka yi da wannan, don ɗalibi in yunwa ta haɗu da araha ba ya tsayawa tambaya.

Injiniya_Malali:

Malam ya yi gaskiya, Allah ya saka da alheri. Sunayen da yaro zai haddace ya guje musu su ne pastor, karnitas, choriso da chicharon, duk alade ne. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne kitsen alade, manteka suke ce masa, da shi da yawansu ke dame waken nan, wasu har a kwaɓin tortiyar fulawa suke sawa, sai mutum ya ce ai ni wake da shinkafa kawai na ci alhali kuwa an gama da shi. Sannan a wurare da yawa ƙarfe ɗaya ake soya komai a kai, an kwashe wancan an zuba wannan. Mu tambaya muke yi kai tsaye kuma ba sa jin haushi, sun saba. A manyan garuruwan da Musulmi ke da yawa irin su Houston akwai masu yin tako da naman halal, can muka fi zuwa, harshen da nake ta ba ku labari ma a irin wurin na ci. In an rasa akwai na kifi da na jatan lande irin na yankin Baja Kalifoniya da ke Meksiko, shi ma a tambaya don wasu da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin. Maganar yankan Ahlul Kitabi kuma na bar wa su Malam, ba fagena ba ne.

Abba ga wani abu da ya shafe ka kai tsaye. Pastor ɗin nan jikan shawarma ne. Kwarori 'yan Labanan da suka yi ƙaura zuwa Meksiko su suka je da gashin nama a tsaye yana juyawa, a garin Puebla wajen shekarun 1930 ana sayar da shi a cikin burodin Larabawa, har gobe akwai shi a garin ana ce masa takon Larabawa. Daga baya 'yan ƙasa suka mai da shi nasu, naman ya koma alade, suka riƙa jiƙa shi da busasshen barkono da wani jan iri achiyote, suka kafa abarba a saman sandar, mai yankan yana yanko nama yana ɗan gutsuro abarbar ta faɗo a kan tortiya. Wato injin da ke gabanka kullum shi ne dai nasu, ba sabon abin da za ka saya. Ka jiƙa naman sa ko kaza da busasshen tattasai da jan barkono da tafarnuwa da ruwan khal, ka jera a sandarka kamar yadda ka saba, abarbar a sama. In za ka sa ɗanyen ruwan abarba a jiƙon kar ya kwana a ciki, narkar da nama yake yi ya koma kamar an tauna.

Anti_Zee:

Ni fa ban yarda da Injiniya ba a maganar araha, a yi min afuwa. Ina da shagon kayan fulawa a Unguwan Rimi na san mutanen garin nan. Can abincin talaka ne saboda da shi suka tashi a gidajensu, nan kuwa baƙo ne. Ɗan keke Napep da ya wuni yana zagaye daga Kawo zuwa Kasuwa ba zai bar mai shayi da indomi da ƙwai ya zo ya ba ka kuɗi a kan abu uku masu faɗin tafin hannu ba, mutumin Kaduna in ya fitar da kuɗi so yake ya ji cikinsa ya yi nauyi. Sannan kai da harshe da kayan ciki da kake cewa masu kuɗi ba sa waiwaya, a Amurka ne wannan, a nan ka je mayankar Zango da safe ka ga yadda masu farfesu da matan gida ke rububinsu, ba wata arahar da za ka samu.

Su wa ke tambayarka Abba? 'Yan gayu ne, hoto suke so su ɗora. To su za ka nufa. Kwali mai kyau da sunanka a jiki, cuku yana ja in an gutsura, ɗan romo a ƙaramin roba a gefe, ka sa kuɗinsa ya ɗara na shawarma, in ka yi shi da araha ma raina shi za su yi su ce na bogi ne. Shawarmar da kake sayarwa ai haka ta shigo, a manyan shaguna ta fara sai masu hali kafin ta sauko kan layi. Kuma in ni ce da burito zan fara ba tako ba, shinkafa da wake ba wanda za ka tsaya yi wa bayani a ƙasar Hausa, ga shi yana cika ciki, guda ɗaya ya ƙosar da ƙato.

Injiniya_Malali:

Anti Zee a kan burito muna tare. Inda muka rabu shi ne cukun nan, kin san kuɗinsa kuma kin san sai da firij, ga yadda wuta take, janareto zai cinye abin da aka samu. 'Yan hoton kuma yau suna nan gobe wani abin ya fito sun koma can. Ni wuraren da na ga layi ba ya yankewa shekara da shekaru ba su da kwali ba su da ado, farantin roba ne da 'yar takarda a kai, amma tortiyar da zafinta take zuwa kuma salsar ta ranar ce. Ya yi kwalin ba laifi, amma kar kuɗin kwali ya fi kuɗin naman da ke ciki.

Abba_Barnawa:

Kai jama'a na gode Allah ya bar zumunci, wlh na ƙaru fiye da bidiyon da na ƙarar da data a kansu. Abin da na tsayar, zan fara da burito ranakun Juma'a zuwa Lahadi da tortiyar fulawa irin yadda Maman Husna ta faɗa, naman kuma in gwada jiƙon Injiniya a rabin sanda in ga yadda za a karɓa, cuku sai wanda ya ce a sa masa ya ƙara kuɗi, kin ga Anti Zee ban bar ki a baya ba. Ta masarar tana ba ni tsoro gsky, ni kaɗai ne da yaro ɗaya, sai dai in ƙanwata ta yarda ta riƙa yi min a gida. Saura abu biyu, me suke sha da shi a can don ni lemon kwalba kawai nake ajiyewa, sannan shinkafa da waken ya zan yi da su daga la'asar har sha ɗaya kar su lalace. Ɗan Rigasa kai kuma kuɗinka za ka zo da shi.

Injiniya_Malali:

Abin sha kam kana zaune a kansa. A kan kantar kowace takeriya za ka ga manyan tuluna na gilashi da ƙanƙara a ciki, jan da suke ce wa hamaika wallahi zoɓo ne, ganyen ɗaya ne, sai dai su ba sa cika masa citta da kanumfari kamar mu. Akwai na tsamiya. Akwai fari orchata, nasu da jiƙaƙƙiyar shinkafa da kirfa ake yi, amma na Sifen wajen Balensiya da aya ake yinsa, kunun aya dai. Ka ajiye zoɓo da tsamiya masu sanyi sun wadatar, kuma sun fi lemon kwalba barin riba.

Maman_Husna:

Shinkafa ita ce abin tsoro ba nama ba, dafaffiyar shinkafa in ta huce ta daɗe a ajiye a zafin nan namu tana ɓata ciki ko da ba ta yi wari ba, kuma sake ɗumamawa ba lallai ya gyara ta ba. Kar ka dafa ta yini guda a tukunya ɗaya. Ka yi kaɗan da la'asar ka zuba a kula mai riƙe zafi sosai, bayan magariba a kawo maka sabuwa daga gida, wadda ta rage da daddare a ba almajirai tun da zafinta kar ta kwana. Waken ka bar shi a kan wuta kaɗan-kaɗan kana ɗiga ruwa kana juyawa. Salsa kullum sabuwa, ta jiya tsami take yi. Wajen naɗi kuma kar ka yi zari, ka ɗumama tortiyar tukuna, ka zuba a tsakiya ka bar gefe, ka tsane romon naman, ka lanƙwaso gefe biyu sannan ka naɗe da ƙarfi ka ɗora bakin a kan kasko ya manne.

Ƙanwar taka in ta yarda ka yi min magana ta akwatin saƙo, ina da oda sati mai zuwa. Ta zo Juma'a da yamma da mudun masara ta ga yadda ake dafawa da ruwan tokar, Asabar da sassafe mu je niƙa tare, amma ta zo da wuri don ƙarfe sha ɗaya nake fita kai abincin suna.